Tashoshin da Suka Saurari Kumbunan Farko, da Matsayin Kano a Cikinsu

Idan ana ba da labarin farkon tafiye-tafiyen ɗan'adam zuwa sararin samaniya, hankali yakan karkata ne ga roka da wutar da ke fita daga gindinta, da kuma ɗan sama jannatin da aka ɗaure a cikin kumbo. Amma daga lokacin da roka ta ɓace wa idon masu kallo, abin da kawai ya rage tsakanin kumbon da waɗanda suka harba shi shi ne siginar rediyo mai rauni, kuma wannan siginar ba ta da amfani sai a inda aka kafa eriyar da za ta kama ta, aka zaunar da mutanen da za su fahimci abin da take ɗauke da shi. Saboda haka kafin Amurka ko Tarayyar Sobiyet su tura mutum sama, sai da kowacce ta warware wata matsala da ke nan ƙasa: a filin wa za a kafa waɗannan eriyoyi, wa zai yarda, kuma ta wace waya saƙo zai isa cibiyar da ke yanke hukunci kafin lokaci ya ƙure.

Tushen matsalar shi ne siffar duniya. Kumbon da ke ɗauke da mutum a shekarun farko yana shawagi ne a tazarar kilomita 160 zuwa 260 daga doron ƙasa, yana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda, yana kammala zagaye ɗaya cikin kimanin minti 90. Igiyoyin rediyon da suka fi dacewa da ɗaukar murya da bayanan na'urori suna tafiya ne a miƙe, ba sa lanƙwasa su bi bayan duniya, don haka tasha ba ta jin kumbo sai daga sa'ad da ya ɓullo ta yamma zuwa sa'ad da ya faɗa ta gabas, abin da bai cika wuce minti 6 ko 7 ba. Sannan duniyar kanta ba a tsaye take ba. Kafin kumbo ya gama zagaye ɗaya ta juya fiye da digiri 22 zuwa gabas, saboda haka hanyar da ya bi a zagayen farko ba ita zai bi a na biyu ba, kuma tashar da ta ji shi sarai ɗazu tana iya rasa shi gaba ɗaya a karo na gaba. Akwai rediyon gajeren zango, irin wanda aka saba kama gidajen rediyon ƙetare da shi, wanda ke iya tsallake teku, amma duk wanda ya taɓa saurarensa ya san yadda murya ke tashi tana faɗuwa, kuma ba a jingina ran mutum ga irin wannan sai bisa tilas.

Tsarin farko da Amurka ta gina ba don mutum aka yi shi ba, don ƙananan taurarin ɗan'adam ne. Cibiyar binciken sojan ruwan ƙasar ce ta tsara shi domin shirin Vanguard, aka sa masa suna Minitrack, kuma dabararsa mai kyau ce: maimakon a warwatsa tashoshi ko'ina, sai aka jera su daga arewa zuwa kudu, daga jihar Maryland a bi ta Havana a Kyuba, da Quito a Ekwado, da Lima a Peru, har zuwa Antofagasta da Santiago a Chile, ta yadda tauraron da ke tafiya daga yamma zuwa gabas tilas ya ratsa wannan layi a kowane zagaye. Kowace tasha tana da eriyoyi biyu-biyu a tazarar da aka auna daidai, kuma ɗan bambancin lokacin da sigina ke isa ga ɗaya kafin ɗayar shi ke nuna kusurwar da tauraron yake. An shirya komai a kan zangon megahaz 108. Sai ga shi ranar 4 ga Oktoban 1957 Sobiyet ta harba Sputnik, yana ƙara a kan megahaz 20 da 40, wato inda kunnuwan Amurka ba su fuskanta ba, dole injiniyoyi suka yi ta sauya eriyoyi cikin gaggawa domin bin tauraron abokiyar hamayya kafin a harba nasu.

A Ingila kuwa, ƙaton farantin eriya mai faɗin mita 76 da Bernard Lovell ya gina a Jodrell Bank domin nazarin taurari, wanda bashi ya yi wa katutu har ana ganin aikin zai durƙushe, shi ne ya iya gano gangar rokar da ta ɗauki Sputnik ta hanyar na'urar rada. Wannan ya ceci martabar aikin, ya kuma nuna wani abu da ba a yi tsammani ba, wato mai eriya shi ne mai shaida. Da Sobiyet ta harba Luna 2 zuwa wata a watan Satumban 1959, ita da kanta ta aika wa Jodrell Bank bayanan zangon kumbon, domin ta san cewa idan ita kaɗai ta ce ta isa wata, ƙasashen yamma za su ce ƙarya ce.

Sunan Najeriya ya shiga wannan tarihi tun kafin a kafa NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka. Lokacin da Amurka ta harba tauraronta na farko, Explorer 1, a ƙarshen Janairun 1958, cibiyar JPL ta Kalifoniya, wadda ta ƙera tauraron, ta riga ta kai ƙananan tashoshin karɓar sigina zuwa Singafo da kuma Ibadan, domin a samu masu saurare a kusa da tsakiyar duniya. Amma aikin da ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba shi ne na shirin Mercury, wanda aka ɗora wa alhakin kai Ba'amurke na farko ya zagaya duniya. Tauraron da ba kowa a cikinsa ana iya jiran sa ya dawo bayan sa'a ɗaya da rabi a karɓi labarinsa. Mutum kuwa, a lokacin babu likitan da zai iya rantsewa cewa zai ci gaba da numfashi daidai, ya haɗiye abinci, ya riƙe hankalinsa a inda nauyin jiki ya ɓace. Don haka masu tsara shirin suka kafa ƙa'idar cewa kada ɗan sama jannati ya shafe fiye da kimanin minti 10 ba tare da wata tasha ta ji muryarsa ta kuma karanta bugun zuciyarsa ba.

Wannan ƙa'ida ita ce ta zana taswirar. Aka kafa tashoshi 18 a ƙarƙashin hanyar zagaye uku na farko, kamar yadda fatake ke yanka hanyarsu zango-zango gwargwadon tafiyar yini: daga Cape Canaveral a Florida zuwa Bermuda, sai jirgin ruwa a tsakiyar Atlantika, sai tsibirin Gran Canaria, sai Kano, sai Zanzibar, sai wani jirgin a tekun Indiya, sai Muchea da Woomera a Ostireliya, sai tsibirin Canton da Hawaii a tekun Pasifik, sannan Kalifoniya da Guaymas a Meziko da sauran tashoshin kudancin Amurka. Kamfanin Western Electric ne ya jagoranci ginin tare da Bendix da IBM da wasu, aka kammala a 1961. Bayanan rada suna tafiya zuwa kwamfutocin IBM 7090 a cibiyar Goddard kusa da Washington, su lissafa hanyar kumbon, su tura sakamako Florida. Tashoshin ba matsayinsu ɗaya ba. Wasu, irin su Bermuda da Muchea, suna da rada da kuma ikon aika wa kumbo umarni kai tsaye, har da umarnin kunna rokokin da za su sauko da shi. Kano da Zanzibar ba su da wannan, aikinsu shi ne magana da ɗan sama jannati, da karɓar bayanan na'urorin kumbo da na jikinsa, da isar da su gaba.

Zaɓen Kano ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya dubi taswira. Kumbon da ya tashi daga Florida ya ratsa Atlantika yana gangarowa kudu maso gabas ne ta kan Sahara, kuma tsakanin Gran Canaria da gaɓar gabashin Afirka akwai tazarar da ta zarce abin da ƙa'idar minti 10 za ta lamunta. Kano tana kusa da tsakiyar wannan giɓi, sannan tana da abin da garuruwan Sahel da yawa ba su da shi a lokacin: layin dogo da ya iso ta tun 1911, da filin jirgin sama da ya zama babban mashigin jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Ana iya kawo manyan na'urori da janareto da ma'aikata ba tare da wahala mai yawa ba.

A kowace tasha, lokacin harbi, akan turo tawagar mutum uku daga Amurka: mai magana da kumbo, injiniya mai lura da na'urori, da likita mai karanta numfashi da bugun zuciya. Waɗannan mutane suna da iko fiye da yadda ake zato, kuma dalilin ba wani ba ne illa raunin sadarwa. Tashoshin da ke nesa sun dogara ƙwarai ga na'urar buga saƙo ta teletayif, wadda ke tafiya ta rediyo da wayoyin ƙarƙashin teku, saboda haka da zarar kumbo ya faɗa gefen sama, tawagar kan taƙaita abin da ta gani ta buga shi cikin hanzari domin tasha ta gaba da cibiyar Florida su samu kafin kumbon ya iso. Christopher Kraft, daraktan da ke zaune a Florida, ba ya ganin yawancin abin da ke faruwa da idonsa, yana karanta rahoton mutanen da ya amince da su ne. An gwada sarkar baki ɗaya a watan Satumban 1961 da kumbon da ba kowa a ciki, sannan a watan Nuwamba da wani biri mai suna Enos, wanda aka sauko da shi bayan zagaye biyu maimakon uku saboda tashoshi sun lura kumbon yana shan mai fiye da kima wajen daidaita kansa.

Ranar 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya tashi a kumbon Friendship 7, kuma minti 20 da 'yan kai bayan barinsa Florida ya shigo sararin Kano, da yamma a agogon Najeriya. Ya shaida wa tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, masu tashar suka amsa masa cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Duk wanda ya san watan Fabrairu a ƙasar Hausa ya san hazon hunturu ne Glenn ya gani daga sama. Daga nan ya wuce Zanzibar, ya shiga dare a kan tekun Indiya, ya hango fitilun da mutanen birnin Perth suka kunna masa, yana magana da abokin aikinsa Gordon Cooper da aka zaunar a Muchea.

Abin da ya faru a zagaye na biyu shi ne ya fi bayyana amfanin tashoshin da kuma haɗarin dogaro da su. Wata sigina daga kumbon ta nuna cewa garkuwar da ke kare shi daga zafin shigowa iskar duniya ta kwance daga mazauninta. In da gaske ne, Glenn zai ƙone a hanyar saukowa. Cibiyar Florida ta umarci tashoshi su sa ido kan wannan sigina, wasu suka riƙa tambayar Glenn ko wani makunni yana kashe, ba tare da an gaya masa dalili ba, har ya fara zargin akwai abin da ake ɓoye masa. A ƙarshe aka ce ya bar ƙunshin rokokin birki a ɗaure maimakon ya yar da shi, domin maɗauransa su riƙe garkuwar. Ya sauka lafiya bayan sa'a 4 da minti 55, daga baya kuma bincike ya nuna garkuwar ba ta taɓa motsi ba, ɗan makunnin da ke aiko da siginar ne ya lalace. A ganina ɓoye wa matuƙi abin da ya shafi ransa kuskure ne, amma lamarin ya tabbatar da inda iko ya koma: wanda ke ƙasa yana ganin abin da na sama ba ya gani, ko da abin da yake ganin ba daidai ba ne.

Lissafi shi ke nuna inda ya kamata tasha ta kasance, amma siyasa ce ke cewa a kafa ko kada a kafa, kuma shekarun 1959 zuwa 1961 ba lokacin da ake saurin amincewa da Amurka ba ne. A watan Mayun 1960 Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin U-2 da ya tashi daga Peshawar a Pakistan, abin da ya sa kowace ƙasa ta fara tambayar me baƙi ke yi da filin da ta ba su. A Najeriya, wadda ta karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960, gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta fara a Saharar Aljeriya a farkon wannan shekarar ya tayar da hankali har aka kai ga yanke hulɗar jakadanci da Faransa a 1961, kuma ɗalibai sun yi zanga-zangar adawa da yarjejeniyar tsaro da Ingila har aka soke ta a 1962. A irin wannan yanayi, babban makamin Amurka wajen neman izini shi ne cewa NASA hukumar farar hula ce, kuma shirin Mercury a bainar jama'a ake yin sa. Meziko ma sai da aka daɗe ana lallashi kafin ta amince da Guaymas. Su kansu 'yan sama jannatin an sa su cikin wannan aiki, domin a watan Mayun 1963, a tafiyarsa mai zagaye 22, Cooper ya aika gaisuwa daga sama ga shugabannin Afirka da ke haɗuwa a Addis Ababa.

Ba ko'ina wannan ya yi tasiri ba. Tashar Minitrack ta Havana an kwashe ta zuwa Florida bayan juyin juya halin Fidel Castro. A Zanzibar an yi adawa da tashar tun ana ginin ta, ana cewa sansanin makamai ne da zai jawo wa tsibirin hari, kuma da aka kifar da gwamnatin Sarkin a watan Janairun 1964, aka kwashe Amurkawa da jirgin yaƙi, sabuwar gwamnati ta umarci a rufe tashar, NASA ta koma Madagaska. Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, wanda ya biyo bayan Mercury.

Sobiyet ta bi wata hanya dabam saboda ƙasarta dabam ce. Faɗinta ya ba ta damar jera tashoshi a cikin gida tun daga yammacin ƙasar har zuwa Kamchatka, ta kuma karkata hanyar kumbunanta sosai zuwa arewa domin su riƙa ratsa samanta. Duk da haka, a kowace rana akwai zagayen da ba sa bi ta kan ƙasarta ko kaɗan, kuma ba ta da ƙawaye a wuraren da take buƙata. Sai ta koma teku. Ranar 12 ga Afrilun 1961, da Yuri Gagarin ya yi zagayensa na minti 108, rokar birkinsa ta kunnu ne a daidai sararin Afirka, jiragen ruwan da aka girke a Atlantika daura da gaɓar yammacin nahiyar su ne suka saurari wannan mataki. Daga baya ta gina jirage na musamman masu ɗauke da manyan farantai, mafi girmansu shi ne wanda aka sa wa sunan Gagarin a 1971. Jirgin ruwa ba ya buƙatar izinin wata majalisa, amma yana da tsada, kuma riƙe eriya ta fuskanci wuri ɗaya a kan igiyar ruwa aiki ne mai wuya.

Cewa giɓin da ke tsakanin tashoshi yana iya kisa ba zato ba ne. A watan Maris na 1966, jim kaɗan bayan Neil Armstrong da David Scott sun haɗa kumbon Gemini 8 da wata roka a sama, karo na farko a tarihi, ɗaya daga cikin ƙananan injinan daidaita kumbon ya maƙale a kunne, suka fara juyawa har kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a daidai lokacin da babu tashar da ke jin su. Kafin jirgin ruwan da ke yammacin Pasifik ya kama muryarsu, lamarin ya riga ya yi tsanani, kuma su da kansu suka tsayar da juyawar da man da aka tanada domin saukowa, abin da ya tilasta katse tafiyar.

Bin kumbon da ya nufi wata ko wasu duniyoyi kuma lissafinsa ya sha bamban. Abin da ya yi nisa ba ya gilmawa cikin minti 7, yana fitowa ya faɗi ne kamar tauraro, saboda haka tashoshi uku sun isa, muddin an raba su da tazarar kusan digiri 120, kuma kowacce tana da farantin da ya kai girman kama siginar da ta kusa ɓacewa. Haka JPL ta kafa Goldstone a hamadar Kalifoniya a 1958, da Woomera a 1960, da Hartebeesthoek kusa da Johannesburg a 1961, kafin a ƙara wasu kusa da Madrid da Canberra. Da Mariner 4 ya aiko da hotunan duniyar Mars na farko da aka ɗauka daga kusa a watan Yulin 1965, kowane hoto ɗaya sai da ya ɗauki kimanin sa'a 8 kafin ya gama sauka. A daren da Armstrong ya taka wata a Yulin 1969, tashar Honeysuckle Creek ta Ostireliya ce ta ba duniya hoton takun farko, sannan farantin Parkes mai mita 64 ya karɓi sauran, yana aiki cikin iskar da ta zarce abin da aka ƙayyade masa.

Wannan sauyi, tare da ingantuwar layukan sadarwa da suka ba sabuwar cibiyar kula da kumbuna ta Houston damar karɓar bayanai kai tsaye ba tare da tura tawaga ko'ina ba, shi ya rage wa ƙananan tashoshi amfani, aka rufe ta Kano da ƙarewar shirin Gemini a 1966. Alamar abin da zai gaje su ma a Najeriya aka fara ganin ta: ranar 23 ga Agustan 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tashar Legas. Idan tauraro zai iya haɗa shugabanni biyu, zai iya haɗa kumbo da cibiyarsa. A 1983 aka harba na farko cikin taurarin TDRS masu isar da saƙo tsakanin kumbo da ƙasa, kuma da tsarin ya cika, lokacin da ake jin kumbo ya tashi daga kusan kashi 15 cikin ɗari na kowane zagaye zuwa kashi 85 ko fiye, aka yi ta rufe tashoshin ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ƙasashen da suka ba da fili suka samu ya danganta ne da wanda ya riƙe na'urorin. Ostireliya ta tsaya tun farko kan cewa 'yan ƙasarta ne za su gudanar da tashoshin da ke cikinta, Sifaniya ma ta karɓi nata sannu a hankali, kuma har yau tashoshin Canberra da Madrid suna cikin uku da ake magana da kumbunan nesa ta kansu. A Afirka ta Kudu, da matsin lamba kan mulkin wariyar launin fata ya sa NASA ta janye a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikatan cikin gida suka mayar da farantin Hartebeesthoek cibiyar nazarin taurari da ke aiki har yanzu. Tashar Kano ƙarama ce, an gina ta domin buƙata ɗaya, ƙasar kuma ba ta da injiniyoyin rediyo masu yawa a lokacin da za ta ce sai an damƙa musu ita, don haka ba ta zama tushen wata cibiya ba. Sai a 1999 Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, kuma a 2003 aka harba tauraronta NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha, aka riƙa sarrafa shi daga tashar da aka gina a Abuja.